Kurege da Dodon Koɗin Tabawa

"Ga ta nan, ga ta nanku, tana tafe da gidanta a baya."

"Ta zo mu ji ta, ko da jan ciki ne."

To ku matso kusa da wuta, ku bar ture-turen nan. Wanda ya san ba zai iya zama ba ya tashi tun yanzu, don abin da zan ba ku labarinsa ba ya sauri.

Akwai wani tsoho ana ce da shi Baba Nomau. Da ƙarfinsa bafatake ne, yana bin ayari zuwa Kurmi yana saro goro. Matarsa ɗaya, sunanta Tabawa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. A tafiyarsa ta ƙarshe, kafin gwiwa ta raba shi da hanya, ya dawo da huhun goro. Kun dai san yadda ake ɗaure huhu. A shimfiɗa ɗanyen ganye mai faɗi, a zuba goro, a yayyafa ruwa, a ɗaure tamau don kada ya bushe. To da Tabawa ta kwance huhun, sai ga wani abu maƙale a cikin ganyen. Dodon koɗi ne, amma ba irin 'yan mitsi-mitsin nan da kuke tsinta a bakin rafi ba. Wannan na tudu ne, na Kurmi, ya kai dunƙulen hannun ƙato, bayansa da zane ja-ja da baƙi-baƙi. A garin kaf ba wanda ya taɓa ganin irinsa.

Nomau ya ce, "Jefar da shi bayan danga."

Tabawa ta ce, "Haba Malam, baƙon da ya biyo ka tun daga Kurmi shi za a jefar? Ko ruwa ba a ba shi ba?"

Sai ta samo tsohuwar randa da bakinta ya fashe, ta zuba mata ƙasa mai laima, ta ajiye a inuwar rumbu, ta rufe da faifai. Ta sa masa suna Ɗankurmi. Da gwaji da kuskure ta gano abin da yake so: ganyen gwanda, yankan kabewa, da ɓawon ƙwai da take daka masa. Ta gano gishiri ba ya yi masa, in ta taɓa gishiri sai ta wanke hannu kafin ta ɗaga faifan. Kullum da safe kuma, rani da damina, sai ta ɗauko wata 'yar ƙwarya ta yayyafa masa ruwa da yatsunta. Shi kuwa sai ya miƙo wuya, ya fito da 'yan ƙahoninsa masu ido a kai, ya hau tafin hannunta a hankali. Mata suna zuwa kallo suna dariya, wai Tabawa ta samu ɗa mai majina. Ita ko a jikinta.

Ana nan, ana nan, sai ciwo ya kama Tabawa a ƙarshen wata damina, bai ɗaga mata ba. Allah ya karɓi abarsa. Aka yi zaman makoki aka watse, gida ya rage daga Nomau sai randa.

Tsohon nan yana son Ɗankurmi, don duk gidan shi kaɗai ne mai rai da ya san hannun Tabawa. Amma da ya miƙa hannu zai ɗauki 'yar ƙwaryar nan tata, sai ya kasa. Sai ya zauna kusa da randar kawai ya yi tagumi.

To a ƙarƙashin rumbun nan akwai rami, a cikin ramin akwai Kurege. Ku da kuka san Kurege ba sai na faɗa muku ba. Ido tsuru-tsuru, wutsiya buzu-buzu, ciki kuwa ba ya cewa ya isa. Ya daɗe yana jin ƙanshin gyaɗar da ke cikin rumbu, amma Tabawa ta shafe gindin rumbun da yumɓu sumul, ba ta bar masa kafa ba. Da ya ga tsoho ya yi tagumi, sai ya fito, ya karkaɗe jiki, ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Inna."

Nomau ya ce, "Amin, Kurege. Na gode."

Kurege ya ce, "Baba, na ga kiwon nan ya yi maka nauyi. Ni kuwa kakata ta wajen uwa haifaffiyar Kurmi ce, da irin waɗannan muka yi wasan ƙasa. Har maganarsu ina ji. Ka bar mini shi."

Ƙarya yake yi. Kurege ko gonar bayan gari bai taɓa wucewa ba. Amma tsoho ya ji sanyi a ransa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Me za a riƙa ba shi?"

Kurege ya kara kunne a jikin randa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ya ce ganyen gwandan nan don kunyar Inna yake ci. A garinsu gyaɗa suke ci."

"Gyaɗa? Abin da ba shi da haƙori?"

"Tsotsa yake yi, Baba. Kuma ya ce yana cikin makoki, kada a buɗe masa faifai, ba ya son ganin kowa sai ni."

Nomau ya ce, "Ya fi ni gaskiya. Ni ma ba na son ganin kowa."

Shi ke nan, kullum da safe tsoho ya ɗebo gyaɗa a rumbu, Kurege ya karɓa, ya ɗaga gefen faifai ya shige randa. Tsoho ya zauna a waje yana yi wa Ɗankurmi hira, irin hirar da ya saba yi wa Tabawa: gwiwa ta hana shi barci, akuyar maƙwabta ta shigo ta ci masa rama, tuwon da aka aiko masa ba irin nata ba ne. Daga ciki sai ya ji ƙurus, ƙurus, ƙurus. Sai ya yi murmushi ya ce, "Alhamdulillahi, yana ci."

Kurege ya leƙo ya ce, "Baba, Ɗankurmi ya ce a ƙaro."

Aka ƙaro. Gobe ma, "Baba, Ɗankurmi ya ce a ƙaro." Aka ƙaro. Kurege ya yi ɓul-ɓul, har bakin randa ya fara yi masa wuyar shiga. Ruwa kuwa, ko sau ɗaya bai yayyafa ba. Ina ruwansa? Shi dai gyaɗa.

Rani ya shigo sosai. Ƙasar cikin randa ta bushe ta tsattsage. Ɗankurmi ya zaga bai samu ganye ba, ya zaga bai samu laima ba, sai ya ja jikinsa ya koma cikin gidansa. Wata safiya Kurege ya shiga zai yi karin kumallo, ya yi tuntuɓe da shi, ya juya shi. Sai ya ga bakin ya toshe da wani farin abu mai tauri kamar busasshen koko. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya girgiza, shiru. Ya ce, "Kai, Ɗankurmi, bar wasan nan." Shiru.

Nan tsoro ya kama Kurege. Ba tausayin dodon koɗi ya ji ba, ku daina ma zato. Gyaɗarsa ya tuna, da sandar tsoho. Ya ce a ransa, in na samo wani na saka, wa zai gane? Tsoho ido ya yi rauni.

Ya ruga fadama ya iske Kwaɗo a bakin ɗan ruwan da ya rage. Ya ce, "Kwaɗo, ina ake samun dodon koɗi?"

Kwaɗo ya nuna masa wasu a jikin ciyawa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba.

Kurege ya ce, "Babba nake so, kamar dunƙulen hannu."

Kwaɗo ya ce, "To ka ɗauki wannan ka jira shi."

Kurege ya yi tsaki ya wuce. Sai ya tuna ta cikin huhu na farkon ya zo, ya nufi zangon da fataken goro suke sauka. Ya tarar sun tafi kasuwa, ga huhuna jere a rumfa. Ya hau na farko ya fara ɓarke ganye da haƙori. Sai ya ji an ce daga sama, "Ɓarawo! Ɓarawo!"

Ya ɗaga kai, sai ga Aku a cikin keji, ta madugun ayarin ce. Kurege ya zube ƙasa ya ce, "Yi haƙuri, Yaya Aku, rufa mini asiri. Ba goro na zo sata ba, gawa ce a hannuna." Ya kwashe labari ya faɗa mata, ya dai tsallake zancen gyaɗa.

Aku ta ce, "Bakin ya toshe da fari?"

"Fari fat."

"Yana wari?"

"Ba ya wari."

Aku ta ce, "To bai mutu ba, wawa. A Kurmi aka ƙyanƙyashe ni, na san su. In suka ji ƙishi rufe ƙofa suke yi su kwanta, sai ruwa ya sauka su buɗe. Sa shi a ruwa mai ɗan ɗumi, kaɗan, kada ya nutse, ka ba shi lokaci. Maza ka je. Abin da aka raba da garinsu ba a haɗa masa da ƙishi."

Ta faɗi haka ta juya masa baya, ta sa kai cikin fiffike.

Da wani ne, da ya koma ya yayyafa ruwa a ɓoye, magana ta ƙare. Amma Kurege ne. Yana tafe yana lissafi: in na tashe shi a ɓoye, gyaɗar kullum ce dai, tafi guda. In kuwa na tashe shi a gaban tsoho fa? Nan ya tsaya a tsakiyar hanya ya yi rawa shi kaɗai.

Ya isa gida ya shafa toka a fuska, ya shiga randa ya turo Ɗankurmi waje, ya ce, "Baba, sai haƙuri. Baƙin cikin Inna ya kashe shi. Ya ma daɗe da cikawa, na rasa bakin da zan faɗa maka."

Nomau ya karɓi abin nan da hannu biyu. Ya shafa zanen bayansa, ya taɓa farin da ya toshe bakin. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ashe ni kaɗai nake ta surutu." Sai hawaye ya biyo gemunsa. Ranar da aka fita da Tabawa mutane sun yaba da dauriyarsa, amma ran nan ya yi kukan da bai yi ba.

Kurege ya bari kukan ya yi nisa, sannan ya yi gyaran murya.

"Baba, akwai wani sirri da kakata ta bar mini. Ban taɓa gwadawa ba, don yana da tsada. Muna iya dawo da wanda ya tafi."

Tsoho ya ɗago kai. "Kurege, kada ka yi mini wasa."

"Rabin rumbu, Baba. In bai tashi ba kada ka ba ni ko ƙwaya."

"Na ba ka."

Kurege ya ce a ɗumama ruwa, a zubo a ƙwarya. Duk gidan ba ƙwaryar da ke kusa sai 'yar ƙwaryar Tabawa, tsoho ya cije ya ɗauko ta. Kurege ya tsoma wutsiya a ciki, ya zaga ƙwaryar da baya da baya, yana ta wasu surutai da shi ma bai san ma'anarsu ba. Ya ce yanzu ruwan ya zama ruwan Kurmi. Ya tsiyaya kaɗan a kasko, ya ɗora Ɗankurmi a ciki.

Suka zauna. Inuwa ta matsa, ba abin da ya motsa. Kurege ya fara duban hanyar raminsa, yana zagin Aku a zuci. Can sai farin nan ya yi laushi, ya tsage, ya faɗo. Sai ga wuya yana fitowa a hankali, a hankali. Ƙaho ɗaya ya miƙe, ɗayan ya biyo. Tsoho ya shimfiɗa tafin hannunsa, Ɗankurmi ya hau.

Kurege ya yi tsalle ya ce, "Ka gani! Ka gani! Baba, buɗe rumbu!"

Nomau ko duban rumbu bai yi ba. Ya daɗe yana kallon abin da ke tafiya a hannunsa. Sai ya mayar da shi randa, ya rufe, ya jawo sandarsa ya miƙe, ya ɗauki ƙwaryar da sauran ruwan.

Ya ce, "Rumbun duka naka ne. Da gidan, da gonar. Tashi mu je."

"Ina, Baba?"

"Wurin Tabawa."

Yara, kada ku yi masa dariya. Nomau ba jahili ba ne, ya san wanda ke kashewa ya rayar. Amma ku ba ku san kewa ba tukuna.

Kurege ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Tsoho ya kama hanyar maƙabarta, sanda a hannu ɗaya, ƙwarya a ɗaya, yana taka ƙasa a hankali don kada ruwan ya zube. Kurege yana biye yana neman mafita.

Ya ce, "Baba, ai ƙarfin ruwan ya ƙare a kan Ɗankurmi."

Tsoho ya ce, "Ga wutsiyarka nan, ka sake tsomawa. Mu je."

Suka wuce masussuka. Kurege ya ce, "Baba, na manta, ba ya kama wanda ya daɗe."

Tsoho ya ce, "Kai ka ce mini Ɗankurmi ya daɗe. Mu je."

Suka wuce rijiyar bayan gari. Kurege ya matse ƙwaƙwalwarsa, ya samo wadda yake ganin ba ta da amsa. Ya ce, "Baba, gaskiyar magana, sirrin nan na masu ɗauke da gida a baya ne kaɗai."

Tsoho ya tsaya ya dube shi. Ya ce, "Tun ranar da aka kawo Tabawa take ɗauke da gidan nan a bayanta. Ina Kurmi wata da watanni, wa ka ga ya riƙe shi? Mu je."

Suka isa. Kabarin yana gindin wata aduwa, an jera masa fasassun tukwane. Nomau ya yi sallama, ya durƙusa da ƙyar, ya miƙa wa Kurege ƙwaryar. Ko ɗigo bai zubar ba tun daga gida.

Ga ramuka nan ko'ina a maƙabarta, kuma tsoho ba ya iya gudu. Tsalle ɗaya ya ishi Kurege. Ko kuma ya tsoma wutsiya ya yi surutansa, ya ce a dawo bayan damina, kafin nan ya kwashe rumbu. Duk ya auna wannan. Ya dubi rami, ya dubi ƙwarya, ya dubi fuskar tsohon nan da ya gyara wuyan rigarsa don kada matarsa ta tashi ta gan shi a hargitse. Sai Kurege ya nemi ƙarya a bakinsa ya rasa. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa rasawa ba sai ran nan.

Ya ce, "Baba, ba ni da wani sirri. Ba ni da kaka a Kurmi."

Tsoho ya ɗago ido ya dube shi, Kurege ya ci gaba.

"Ɗankurmi bai mutu ba. Ƙishi ne ya sa ya rufe ƙofa, haka suke yi. Akun fatake ce ta faɗa mini. Ni ban taɓa yayyafa masa ruwa ba. Gyaɗar ma ni nake ci, ba ya cin gyaɗa. Wannan ruwan kuwa ruwan rijiyarka ne."

Iska ta kaɗa aduwa. Nomau ya sauke ƙwaryar ya ɗora a cinyarsa, ya daɗe yana kallon kabarin.

Ya ce, "Na sani Allah kaɗai ke rayarwa. Tun ina yaro na sani. Amma da na ga ƙahonin nan sun fito, sai zuciyata ta riga ni tahowa nan." Ya share fuska da hannun riga. "Ashe ƙishi ne. Ina zaune a gefensa kullum ina ba shi labarin gwiwata, shi yana ciki yana bushewa. Astagfirullah."

Ya ɗaga hannu ya yi wa Tabawa addu'a mai tsawo, Kurege yana cewa amin da 'yar murya. Da aka shafa, Kurege ya ga sanda ba ta tashi ba, sai hali ya dawo. Ya matso kaɗan ya ce, "To Baba, zancen rabin rumbun nan fa? Ai dai ya tashi."

Tsoho ya laluɓo sanda. Kafin ya ɗaga, Kurege ya faɗa ramin da ya fi kusa, sai ƙarshen wutsiya aka gani. Bai sake kwana a ƙarƙashin rumbun nan ba.

Nomau ya dafa sanda ya miƙe. Ya karkata ƙwaryar zai juye ruwan a kan kabarin, sai ya tsaya. Ya ce, "Tabawa, ke addu'a ce taki, kin samu. Wannan na mai jin ƙishi ne, na bar shi a busasshiyar ƙasa." Ya cire hularsa ya rufe bakin ƙwaryar saboda rana, ya juya ya kama hanyar gida, yana sauri irin na mai ciwon gwiwa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege mai kumatu. Da ina da ƙarya a baki da na ƙara muku, amma ni ma ta ƙare mini. Abin da za ku riƙe shi ne, duk wanda ya ce muku dabbarku ta ce a ƙaro gyaɗa, ku fara duba cikinsa kafin ku duba rumbu. Ku tashi haka nan, wani ya duba ko an ba kaji ruwa.